Kitse da Ciwon Suga: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Jiki ke Bijire wa Insulin

Da gaske ne kitse yana fitar da sinadarai cikin jini?

Gaskiya ne. Har zuwa wajen 1990, likitoci da yawa suna ɗaukar kitse a matsayin wurin ajiyar abincin da ya yi rara kawai. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller da ke New York suka gano leptin, wani hormon da ƙwayoyin kitse ke haɗawa su zuba cikin jini domin ya kai wa ƙwaƙwalwa labari. A 1995 aka gano adiponektin, daga baya rezistin ya biyo a 2001. Hormon shi ne sinadarin da wani sashe na jiki ke fitarwa, jini ya ɗauke shi ya kai wa wani sashe umarni. Yau an san kitse na fitar da irin waɗannan sinadarai masu yawa, waɗansu suna taimaka wa insulin, waɗansu suna yi masa cikas. Wanda zai rinjaya ya danganta da wurin da kitsen yake da kuma yadda ƙwayoyinsa suka cika.

Me ake nufi idan an ce jiki ya bijire wa insulin?

Insulin yana fitowa ne daga fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. Da an ci abinci suga ya hau a jini, sai insulin ya ba da umarni uku. Ya sa tsoka ta ɗebi suga daga jini, ya hana hanta sako sugan da take haɗawa, ya kuma hana ƙwayoyin kitse sakin man da suka adana. Tsoka ce ke ɗaukar kaso mafi yawa na sugan, kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari idan insulin ya yi aikinsa sosai.

Bijirewa ita ce a ba da umarnin amma gaɓoɓin su amsa kaɗan. Fankiriyas kan mayar da martani da ƙara yawan insulin, ninki biyu ko fiye, kuma da haka suga yake zama daidai na tsawon shekaru. A wannan lokacin gwajin suga ba zai nuna komai ba. Ciwon suga nau'i na 2 yana bayyana ne ranar da ƙwayoyin fankiriyas suka gaza biyan wannan ƙarin buƙata. Shi ya sa mutane biyu za su iya yin ƙiba iri ɗaya, ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba: ƙarfin fankiriyas ɗinsu ne ya bambanta, kuma gado yana da hannu sosai a nan.

To ta wace hanya kitse yake jawo wannan bijirewar?

A ɗauki kitsen ƙarƙashin fata kamar rumbu. Muddin akwai wuri, hatsi yana zaune lafiya. Idan ya cika aka ci gaba da zubawa, sai hatsi ya fara kwarara tsakar gida da ɗakin kwana, wuraren da ba a tanada masa ba.

Yawan ƙwayoyin kitsen mutum yana tsayuwa ne tun daga yarinta zuwa samartaka, kuma a babba ana sabunta kusan kashi 10 cikin ɗari nasu kowace shekara. Idan babba ya yi ƙiba, galibi ƙwayoyin da yake da su ne suke kumbura. Ƙwayar da ta kumbura fiye da ƙima ba ta samun isasshiyar iskar oksijin, domin ƙananan jijiyoyin jini ba su ƙaru daidai da girmanta ba. Waɗansu sukan mutu. Sai wasu sojojin jiki da ake kira makurofaj su taru su kewaye matattun domin su kwashe su. A 2003 masu bincike suka nuna cewa a kitsen mai ƙiba sosai, waɗannan sojoji kan kai kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke wurin, alhali a siriri ba su wuce kashi 10 ba. Su ne suke fitar da mafi yawan sinadaran kumburi irin su TNF-alfa, wanda Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman suka danganta da bijire wa insulin tun 1993. Wannan kumburi ba ya zafi, ba ya sa zazzaɓi, amma yana gurɓata saƙon insulin a cikin ƙwayar halitta.

Da ƙwayar kitse ta daina jin insulin, sai ta riƙa sakin narkakken mai cikin jini dare da rana, har bayan an ci abinci, lokacin da ya kamata ta rufe. Man nan yana sauka a hanta, a tsoka, a fankiriyas. A cikin hanta da tsoka yakan rikiɗe ya zama wasu sinadarai da ke tare hanyar saƙon insulin, ta yadda GLUT4, wato abin da ke shigar da suga cikin tsoka, ba ya fitowa bakin ƙwaya yadda ya kamata. Hanta kuma ta ci gaba da sako suga duk dare. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai kwana bai ci komai ba, ya wayi gari suga ya kai 8 ko 9 mmol/L, alhali daidai shi ne ƙasa da 5.6.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, insulin ɗin da ya yi yawa ya kasa hana hanta yin suga, amma bai daina sa ta haɗa sabon kitse ba. Hanta na ƙara kitse, bijirewa na ƙaruwa, fankiriyas na ƙara insulin.

Idan leptin yana rage yunwa, me ya sa ba a yi wa masu ƙiba allurarsa?

An gwada, bai yi wani abin kirki ba. Aikin leptin shi ne ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila, Stephen O'Rahilly da abokan aikinsa, suka bayyana wasu yara biyu 'yan'uwa da aka haifa jikinsu ba ya yin leptin sam. Yunwarsu ba ta ƙarewa, ƙibarsu ta wuce misali. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leptin, yunwar ta kwanta, ƙibar ta zube. Amma irinsu ƙalilan ne a duniya. Mai ƙiba na yau da kullum leptin ɗinsa ya riga ya yi yawa, ƙwaƙwalwarsa ce ta rage jin sa, don haka ƙarin allura ba ya canza abu mai yawa. Duk wani ƙwayar magani ko shayi da aka ce yana ɗauke da leptin, asarar kuɗi ce, domin leptin furotin ne, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama.

Adiponektin fa?

Shi ne na kirki a cikinsu, kuma halinsa ya saɓa wa na sauran: kitse ne ke yin sa, amma yawan kitse rage shi yake yi, musamman kitsen ciki. Yana sa hanta ta rage yin suga, yana sa tsoka ta ƙone mai, yana kwantar da kumburi a jijiyoyin jini. Mata sun fi maza yawansa. Wanda nasa ya yi ƙasa ya fi shiga haɗarin ciwon suga nan gaba. Ba a sayar da shi a matsayin magani, kuma auna shi ba ya cikin gwajin da ke taimaka wa majiyyaci a asibiti. Rage teɓa da kuma shan pioglitazone, wani maganin ciwon suga, su ne abubuwan da aka tabbatar suna ɗaga shi.

Me ya sa ake cewa teɓa ta fi kitsen cinya da mazaunai haɗari?

Kitsen ciki iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda ake iya kamawa da yatsu. Akwai kuma na can ciki, irin wanda mahauci ke yayewa daga jikin hanji da tumbi. Jinin da ya ratsa wannan na biyun yana zarcewa kai tsaye cikin hanta ta wata babbar jijiya, saboda haka duk mai da sinadarin kumburin da ya saki hanta ce ke fara karɓa. Ya kuma fi saurin sakin mai, ya fi tara makurofaj. Kitsen cinya da mazaunai kuwa yana riƙe mai ya daɗe, har ana ganin yana ba da kariya. Shi ya sa macen da ƙibarta ke ƙasa take iya zama da lafiyayyen suga, namijin da ƙafafunsa sirara ne amma cikinsa ya turo ya yi tauri yana cikin haɗari. Bayan mace ta daina al'ada, hormon ɗin estirojin yana raguwa, kitse ya fara komawa ciki, haɗarinta ya matso kusa da na maza.

Tef ɗin tela ya fi sikeli faɗin gaskiya a nan. A tsaya a miƙe, a ɗage riga, a laluba haƙarƙarin ƙarshe da kuma saman ƙashin ƙugu, a zagaya tef a tsakiyarsu. A yi numfashi a fitar kamar kullum, sannan a karanta, ba tare da shanye ciki ko matse tef ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne aunawa a inda ake ɗaura wando, ƙarƙashin teɓar. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta sa iyaka a santimita 94 ga maza, 80 ga mata, kodayake daga Turawa aka ɗauko waɗannan lambobi. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne kada kewayen ciki ya kai rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85.

Likita, ni ba ni da ƙiba, amma an ce ina da ciwon suga. Yaya haka?

Wannan tambaya ana yawan jin ta a asibitocinmu, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Kowa da iyakar abin da kitsen ƙarƙashin fatarsa zai iya ɗauka. Wani sai ya kai kilo 120 kafin mai ya fara malala zuwa hanta, wani a kilo 68 ya riga ya wuce tasa iyakar. Hujja mafi ƙarfi ita ce masu larurar rashin kitse, waɗanda aka haifa kusan babu kitse a ƙarƙashin fatarsu. Suna cikin waɗanda suka fi kowa bijire wa insulin, domin mai ba shi da wurin zama sai hanta da tsoka, kuma su allurar leptin tana yi musu aiki; Amurka ta amince da ita dominsu a 2014. An ga makamancin haka a masu cutar HIV da suka sha maganin stavudine, wanda ke zaizaye kitsen fuska da hannuwa da ƙafafu, yana cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina amfani da shi tun wajen 2010.

Sai dai siriri mai ciwon suga a Afirka sau da yawa matsalarsa ƙarancin insulin ce. Yana iya zama nau'i na 1, wanda fankiriyas ke daina yin insulin, ko lalacewar fankiriyas, ko nau'in da ke da alaƙa da tamowa tun yarinta, wanda Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta sa wa suna nau'i na 5 a 2025. Idan mutum yana ramewa ba da niyya ba, yana yawan fitsari da ƙishirwa, kada a ce masa ya rage abinci ya ƙara ramewa. A duba fitsarinsa ko akwai kiton, wato sinadarin da ke fitowa idan jiki na ƙona kitse saboda ƙarancin insulin, a kuma tantance ko insulin yake buƙata.

Akwai alamar da za a gane bijirewar kafin suga ya hau?

Akwai. Baƙin fata mai kauri da laushi a bayan wuya, hammata ko matsematsi, wanda ake ɗauka dauɗa ce a yi ta gogewa da soso ba ya fita. Insulin da ya yi yawa ne yake sa fatar ta yi kauri. Akwai ƙananan tsiron fata a wuya. A mata akwai rikicewar al'ada tare da fitowar gashi a haɓa da wahalar samun ciki. Akwai hawan jini, akwai hoton ciki da ya nuna kitse a hanta, akwai minshari mai ɗauke numfashi. Macen da ta yi ciwon suga lokacin goyon ciki, ko ta haifi jariri mai kilo 4 ko fiye, ita ma ta riƙa gwaji.

Gwajin da aka saba shi ne sugan safe bayan awa 8 ba a ci komai ba. Ƙasa da 5.6 mmol/L daidai ne, 5.6 zuwa 6.9 gargaɗi ne, 7.0 zuwa sama a gwaji biyu ciwon suga ne. A na'urar da ke ƙirga mg/dL, lambobin su ne 100 da 126. Gwajin HbA1c yana nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, kuma 6.5 cikin ɗari ne iyakarsa. A nan akwai abin lura ga mutanenmu: sikila, ƙarancin jini, ƙarin jini da aka yi kwanan nan, duk suna iya karkatar da sakamakon HbA1c. Mai sikila ya dogara da gwajin suga kai tsaye.

Wanda ya sami damar auna insulin na safe, ana ninka shi da sugan safe na mmol/L a raba da 22.5. Insulin 12 da suga 5.5 zai ba da 2.9, wanda yake nuna bijirewa a yawancin ma'aunai, duk da cewa sugan kansa bai nuna komai ba. Ba dole ba ne a yi wannan gwaji, tef da sugan safe sun wadatar ga yawancin mutane.

Magungunan ƙara ƙiba irin su sha-ka-fashe suna da hannu?

Ƙwarai, kuma abin yana damun duk wanda ke duba masu ciwon suga. Abin da ake haɗawa galibi dexamethasone ne ko prednisolone, tare da cyproheptadine mai buɗe ciki. Na farkon biyu suna kwaikwayon kotisol, hormon ɗin da ke adawa da insulin kai tsaye. Suna sa hanta ta ƙara suga, suna cinye tsokar cinya da damtse, suna tura kitse fuska da doron wuya da cikin ciki. Cikar da ake gani a kumatu ruwa ce da irin kitsen da ya fi kowane cutarwa. Sugan da suke tayarwa ya fi hawa da rana da yamma, don haka gwajin safe kan iya rasa shi, sai a gwada awa 2 bayan abincin rana. Man shafawa na bilicin masu ɗauke da clobetasol ko betamethasone, idan ana shafa su a faɗin jiki wata da watanni, suna ratsa fata su yi irin wannan ɓarna.

Wadda ta sha irin waɗannan ƙwayoyi fiye da mako 3 kada ta yanke rana ɗaya. Jikinta ya rage yin nasa kotisol, yankewar gaggawa na iya jawo faɗuwar jini da suma, har da rasa rai. A je asibiti da kwalin maganin, a rage shi sannu a hankali.

Idan aka yi tiyata aka zuƙe kitsen, suga zai sauka?

A'a. A wani bincike na 2004 a Amurka, an zuƙe wa mata kusan kilo 10 na kitsen ƙarƙashin fatar ciki, amma jin insulin ɗinsu bai gyaru ba. Bututun ba ya kaiwa ga kitsen hanji da na hanta. Tiyatar rage tumbi daban ce, ita tana sauke suga sosai.

Kilo nawa ya kamata a rage kafin a ga canji?

Ƙasa da yadda mutane ke zato, domin kitsen hanta ne yake fara tafiya. A binciken rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002, masu sugan gargaɗi da aka sa su neman rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, maganin suga na metformin kuma ya rage da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da ɗan kai ba.

Ga wanda ya riga ya kamu, binciken DiRECT na Birtaniya a 2017, ƙarƙashin Roy Taylor da Mike Lean, ya nuna kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka sa a tsarin rage abinci sun koma sugan da bai kai na ciwo ba bayan shekara guda, ba tare da magani ba. A cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Dukkansu ba su wuce shekara 6 da ciwon ba, kuma ba sa allurar insulin. Wannan lafawa ce, idan ƙibar ta dawo ciwon yana dawowa. Mai shan maganin suga na glibenclamide ko mai allurar insulin kada ya fara rage abinci sosai sai an rage masa magani, in ba haka ba suga zai faɗi ƙasa da 3.9, wato ya yi ƙasa fiye da ƙima.

Me ya sa ƙiba take dawowa bayan an sha wahala an rage?

Leptin ne babban dalili. Da kitse ya ragu leptin yana faɗuwa, ƙwaƙwalwa ta ɗauki hakan a matsayin ƙarancin abinci, sai ta ƙara yunwa ta kuma rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Wani bincike a Melbon ta Ostireliya a 2011 ya tarar da cewa shekara guda bayan rage nauyi, hormon ɗin yunwa ba su koma yadda suke ba. Bai kamata a ɗora wa majiyyaci laifin rashin haƙuri ba. Abin da ya fi taimakawa shi ne tsarin da za a iya riƙewa shekara da shekaru, da hawa sikeli sau ɗaya a mako domin a kama kilo 2 kafin su zama 10.

A aikace, me za a canza a abinci da zirga-zirga?

A fara da abin sha. Kwalbar lemo ta 50cl tana ɗauke da suga kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12 ko fiye, kuma rabin irin wannan suga hanta ce ke sarrafa shi, rararsa ta zama kitse a wurin. Zoɓo, kunun aya, fura da shayin da aka cika wa suga duk lissafinsu ɗaya, zuma ma haka. Tuwo da shinkafa a rage su zuwa kwatan faranti, kamar dunƙulen hannun mai ci, a cika rabi da ganye irin su zogale, rama, alayyafo da kabeji, ragowar kwatan kuma wake, kifi, ƙwai ko nama. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120, saboda haka a riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan.

Tsokar da ke aiki tana jan suga ko babu insulin, kuma bayan an gama tana ƙara jin insulin na kwana ɗaya zuwa uku. Dalilin ke nan da ake cewa kada a yi kwana biyu a jere ba motsi. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan abinci, musamman na dare, tana rage hawan suga a fili. A haɗa da aikin ƙarfi sau biyu a mako, ko da tashi da zama ne daga kujera sau 10 zuwa 15, a maimaita sau uku. Motsa jiki yana rage kitsen ciki da na hanta ko da sikeli bai motsa ba.

Magungunan ciwon suga suna taɓa kitsen kansa?

Metformin hanta yake fi yi wa aiki, ba ya ƙara nauyi. Ana farawa da 500 mg tare da abinci domin kauce wa gudawa, a ƙara a hankali zuwa 2000 mg a rana. Ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, kuma shan sa na shekaru yana iya rage bitamin B12. Pioglitazone, 15 zuwa 45 mg, shi ne ke aiki a kan ƙwayar kitse kai tsaye: yana sa a ƙirƙiri sababbin ƙananan ƙwayoyi a ƙarƙashin fata, mai ya baro hanta ya koma can, adiponektin ya ninka. Nauyi yana ƙaruwa amma suga yana sauka. Yana tara ruwa a jiki, don haka haramun ne ga mai gazawar zuciya, yana kuma ƙara haɗarin karaya, musamman a mata. Glibenclamide da insulin suna sauke suga amma suna ƙara nauyi, wanda ba dalili ba ne na ƙin insulin ga mai buƙatarsa. Allurar semaglutide tana rage yunwa, masu ciwon suga kan rage kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu a babban awo, sai dai tana da tsada, an kuma sami jabunta a kasuwannin duniya, kuma nauyi kan dawo idan an daina. Empagliflozin da dapagliflozin suna fitar da suga ta fitsari, suna rage kilo 2 zuwa 3, suna kare zuciya da ƙoda, amma suna jawo ƙaiƙayin gaba, kuma ana dakatar da su idan mutum yana amai ko gudawa ko za a yi masa tiyata.